Ɓarawon da Muka Wanke da Almakashi

Har gobe ban manta da ranar Talatar da muka zauna mu uku a ɗakin tace shirye-shirye muka wanke wani ɓarawo tas ba, alhali bai roƙe mu ba, bai ma san akwai garin da ake kira Katsina ba. Ku sababbin shiga kuna yawan tambayata me ya sa nake hana ku sa hannu a kan shiri kafin ku ga ƙarshensa. Bari in ba ku labarin sau ɗaya, kowa ya huta.

A damunar shekarar da sojoji suka koma bariki ne, farar hula suka karɓi mulki. Ina mataki na tara a gidan talabijin, ni ne sakataren kwamitin tacewa. Ga wanda bai san aikin ba, duk shirin da ya zo daga waje ba a nuna shi sai kwamiti ya kalla. Shugabanmu Manajan Shirye-shirye ne, Alhaji Mamman, mutumin kirki da ya yi aiki ƙarƙashin gwamnonin soja da dama, ya kuma tsira daga dukkansu saboda yana jin tsawa tun hadari bai haɗu ba. Na biyu Malam Sada, mai ɗora muryar Hausa a kan shirin. Na uku ni, mai riƙe da rajista da agogo. In an ce a cire wani wuri, in rubuta daga minti kaza zuwa minti kaza, a kwafe shirin a sabon kaset babu wurin. Muna kiran wannan almakashi, amma ba a yanka komai, uwar kaset tana nan a kabad. Daga nan in cika fom in sa hannu. Ku riƙe wannan: shugaba ke cewa a cire, sakatare ke sa hannu.

A bayan ƙofar ɗakin akwai takardar ƙa'idoji da aka buga tun zamanin kaki. Ta uku a ciki ta ce kada a nuna abin da zai zubar da ƙimar mai riƙe da hukuma. Wanda ya sa mata hannu ya daɗe da barin garin. Babu wanda ya ce mana ta daina aiki, babu kuma wanda ya ce tana nan. Mu ma ba mu tambaya ba.

To, a lokacin ne aka kawo mana sababbin na'urori daga ƙasar Sin, aka haɗo da kwali guda na wasan kwaikwayo, kamar gyaran da mai goro ke yi wa mai saye. Kashi talatin ne, labarin wani sarkin zamanin da, da wani gwamnan lardi mai siririn gemu da taushin murya. Na'urar kallo ɗaya ce gare mu, muna rabawa da sashen labarai, don haka al'adarmu ita ce mu tace kashi ɗaya ranar Talata, a nuna shi ranar Alhamis. Babu ɗayanmu da ya san inda labarin ya dosa. Cikin wata guda gari ya kama shirin, har masu shayi a Ƙofar Guga suna wa gwamnan laƙabi da Mai Gemu.

Ni abu biyu ne suka tsaya mini a rai. Na farko, kowane kashi yana buɗewa da wani allo mai rubutun Sinanci da jerin lambobi, ba kiɗa, ba hoto. Na biyu, a kashi na huɗu, sarki yana magana da wazirinsa, ga kyandir doguwa a gabansu. Ƙiftawar ido sai na ga kyandir ta koma rabi, kiɗan ma ya yi tuntuɓe. Na sa aka mayar, na sake kallo. Wanzami ba ya rasa gane tsagar wani wanzamin. Wani ya riga mu sa almakashi a nan, can ƙarshen duniya. Me ya cire? Shi ma yana da rajista? Shi ma akwai takarda a bayan ƙofarsa?

Sai kashi na tara ya zo. An yi fari a lardin, sarki ya aiko da hatsi, sai ga Mai Gemu cikin rumbun hukuma yana sa ana kwashe buhunan, ana cika wasu da yashi. A makon kuwa babu zancen da ake yi a gari sai na rabon takin zamani.

Alhaji Mamman ya cire tabarau ya ce, "Malam Sakatare, rubuta."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai yanzu mulkin farar hula ne. Kuma wannan gwamnan ya fi shekara ɗari da mutuwa, in ma ya taɓa rayuwa."

Ya ce, "Shi ya mutu. Ni ina da 'ya'ya tara. Buhu buhu ne, ko a Sin ko a nan unguwar Kambarawa. Gobe a ce habaici muke yi. Rubuta."

Na rubuta, na sa hannu. Amma wanda ya ɓoye kan maciji sai ya nemi inda zai sa wutsiya. A kashi na sha biyu muka cire inda talakawa suka buɗe buhu suka ga yashi. A na sha biyar muka cire wanda ya ba da shaidar satar. Malam Sada ya riƙa cike giɓin da bakinsa, shi kuwa mutum ne mai baiwar magana. Kafin a ankara, Mai Gemu ya zama waliyyi mai raba sadaka, wanda mahassada suka sa a gaba.

Ana cikin haka na samu Mista Lin, injiniyan da ya zo harhaɗa na'urorin, yana zaune a gindin dalbejiya yana shan ruwan zafi da tsakar rana, abin da har ya bar garin ba mu gane hikimarsa ba. Da Turancinsa rabi da nawa rabi, na tambaye shi allon nan mai lambobi.

Ya ce, "Lasin ne. A wurinmu, kafin ka fara ɗaukar wasa sai ka kai wa hukuma labarin. In ka gama, ka kai musu duka, su kalla daga farko har ƙarshe. In sun yarda su ba ka lamba. In babu lamba, babu tashar da za ta nuna."

Na ce, "Duka? Kashi talatin?"

Ya ce, "In ba su ga ƙarshe ba, yaya za su san wa za su bari ya yi sata?"

Na ce, "To, da suka ga gwamna yana satar hatsi, ba su cire ba?"

Ya yi murmushi ya ce, "Ƙaramin mai mulki yana iya zama ɓarawo, in dai babba zai kama shi."

Na ba shi labarin kyandir, na ce me yake zaton an cire. Ya yi dariya har ruwansa ya zube. Ya ce, "Da na sani, da mutumin bai iya aikinsa ba."

Na ji daɗin hirar, na ma rubuta ta a bayan rajista. Abin da ban yi ba shi ne in ji gargaɗin da ke cikinta.

Ranar Talatar da na faɗa muku a farko, kashi na ashirin muka kalla. Sarki ya kira Mai Gemu fada, aka tuɓe masa hular sarauta, aka fille masa kai a bainar jama'a. Alhaji Mamman ya ce, "Madalla. Hukuma ta yi aikinta. Ba abin cirewa." Malam Sada ya ce Allah ya ƙara. Ni ma na sa hannu da hanzari. Mu uku mun ga satar da idonmu, shi ya sa hukuncin ya yi mana daidai. Babu wanda ya tuna cewa a duk faɗin jihar mu kaɗai muka gan ta.

Ranar Juma'a bayan masallaci na biya Ƙofar Durbi gaida gwaggona, Hajiya Yalwa. Ko gaisuwar ba ta bari mun kai ƙarshe ba.

Ta ce, "Kai, Ɗanmalam, ku ne kuka nuna muna wanga zalunci? Bawan Allah mai ciyar da talakawa, a yanka shi kamar ragon suna! Jiya ko tuwo ban iya ci ba. Ashe masu mulki ko'ina haka suke."

Jimlarta ta ƙarshe ce ta fi damuna. Mun yi wata uku muna kare ƙimar hukuma, ga abin da muka koya wa tsohuwa.

Ranar Litinin takardar tuhuma tana jirana a tebur. Wani babba daga sama, wanda har yau ban san ko wane ne ba, ya bugo waya yana tambaya me tasharmu ke nufi da nuna shugaba yana kashe mutumin kirki, a farkon sabuwar gwamnati. Aka duba fom, aka ga sunana. An ba ni kwana biyu in yi bayani, in ba haka ba a dakatar da ni, ƙarin girman da nake jira kuma ya bi ruwa.

Na ɗauki rajista na shiga ofishin Alhaji Mamman. A gefen kowane wuri da aka cire na rubuta "bisa umarnin shugaba" da ƙananan baƙaƙe. Ya duba su ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce, "Wannan za ka kai musu?"

Na ce, "A'a, ranka ya daɗe. In na kai, ni na fita, kai ka shiga, gari kuma yana nan yana kuka. Uwar kaset tana kabad. A ba ni rabin awa ranar Alhamis in nuna duk abin da muka cire."

Ya ce, "Buhunan?"

Na ce, "Har da yashin."

Ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Abin da na guje wa shi ne yanzu zai cece ni. Je ka. Amma wannan karon kawo fom ɗin ni in sa hannu."

Muka haɗa guntayen, Malam Sada ya buɗe da cewa ga wani ɓangare da bai samu fitowa a baya ba. Bai yi ƙarya ba, bai kuma faɗi gaskiya ba, kamar yadda aikin ya koya masa. Aka nuna. Waya ba ta sake bugowa ba, babu wanda ya ambaci taki. Aka janye takardar tuhumar. Da na koma Ƙofar Durbi, Hajiya Yalwa ta ce, "Ashe ɓarawo ne, la'ananne! To wa zai biya ni hawayena?" Na ce ta rubuto a takarda, kwamiti zai duba.

Daga ranar muka daina tace shiri kashi-kashi. Takardar bayan ƙofa kuwa ni na ɓamɓare ta, na jira a tambaye ni, har na yi ritaya ba a tambaya ba.

Abin da na koya shi ne, mai tacewa shi ne mafi munin alƙali a kan abin da ya tace, domin shi kaɗai yake ganin abin da ba ya nan. In kun cire wani abu, ku sake kallon shirin da idon gwaggona. Ita kuwa kyandir ɗin nan, har yau nakan tuna da takwarana na Sin, ina tambayar kaina ko abin da ya cire a rabin kyandir ɗin ya taɓa sa wata tsohuwa a garinsu ta kwana ba ta ci abinci ba.