Ranar da Na Tashi Daga Kan Bokiti

Ni dai kurket ba wasana ba ne. A unguwar Mahjar, nan ƙasa mai tsarki, aka haife ni, ƙwallon ƙafa muka taso muna bugawa a lungu, kuma da ba don aiki ya kai ni wani kamfanin kwalaye a Madinar Masana'antu ba, da har in mutu ban san akwai wasan da ƙarti za su fara da hantsi su kai magariba suna yi ba. Mudirin sitonmu, wato manaja, shi ne ya jawo mini shi. Mutumin ɗaya daga ƙasashen Asiya ne, amma ba zan faɗi wacce ba, don kada a ce da ƙasa nake rigima. Da mutum ɗaya nake yi, kuma har gobe ban gama ba.

Shekarar da nake magana, ana gasar ƙasashe, irin wadda ake ƙayyade wa kowane ɓangare yawan jifan da zai samu, idan suka ƙare an gama. Jifa shida shi ne oba ɗaya. Mudir ya kawo talabijin ya ɗora a kan durowar ofis, ya tara 'yan ƙasarsu, aiki kuwa ya bar mana mu da rana. Wata safiya na shiga kai masa takardar fitar da kaya ya sa hannu. Ko kallona bai yi ba. Na gaji da tsayuwa, na kife wani tsohon bokitin fenti da ke bakin ƙofa na zauna. Zamana ke da wuya mai bugunsu ya ɗaga ƙwallo ta tsallake fili, ofis ya kaure da ihu. Na yunƙura zan tashi, mudir ya daka mini tsawa in koma yadda nake.

Ashe haka al'adarsu take. Idan ƙasarsu na ci, ba mai motsawa daga inda yake, wanda ya harɗe ƙafa haka zai bar ta ko da ta mutu. Ranar suka yi nasara, shi ke nan na zama mai sa'a. Duk wasan ƙasarsu sai a aiko a kira ni, bokitin nan, bakin ƙofar nan, har hular da na sa ran farko sai da ita. Sallah kaɗai ke tashina, ita ma sai an je hutun rabin wasa. Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗin abin. Abokan aikina na can suna lodi gumi har ƙafa, ni ina cikin sanyi ana miƙo mini shayi da madara da sambusa. A zaunen nan na koyi wasan tsaf, har na san mai bugun da idan ya fita sauran ba su da kataɓus.

Lokacin mahaifina yana kwance. Tsoho ne da ya zo Hajji tun yana saurayi bai koma ba, ya ƙare rayuwarsa yana gasa tsire a bakin titi. Wayar hannu ta masu hali ce a wancan zamani, don haka lambar ofishin mudir na bar wa yayata, ta kira daga kantin maƙwabci idan wani abu ya taso.

Ranar wasansu na huɗu, wayar nan ta yi ƙara kafin azahar. Mudir ya ɗauka, ya saurara, ya dube ni, ya ajiye. Ya ce masu kaya ne. Ta sake ƙara bayan azahar, haka. Ta uku ko gama saurara bai yi ba. Ni kuwa wawa, ina kan bokiti ina taya shi murna. Sai da aka gama, aka rungumi juna, sannan ya dafa ni ya ce af, an kira daga gidanmu, tsoho ba ya jin daɗi, yalla, maza in tafi.

Na isa Mahjar na tarar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, maza sun dawo daga maƙabarta tun bayan la'asar. Yaya ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce da farko ta gaya wa mutumin Baba na neman ɗansa, na biyu ta ce jiki ya yi tsanani, na uku ta ce ya cika, za a yi masa sallah da la'asar. Kowane karo sai ya ce mata yanzu zai gaya mini. Ta ce Baba ya yi ta kallon ƙofa.

Kwana ukun zaman makoki ban iya amsa gaisuwa da kyau ba. Na yi tunanin in fasa wa mudir kai da bokitin. Amma iƙamata, takardar izinin zamana, a hannun kamfani take, kuma baƙon da ya daki mudir jirgi ake sa shi, a kai shi ƙasar da ni ban taɓa takawa ba, in bar Yaya da Inna su kaɗai. Sai na haɗiye.

Da na koma, ya tarbe ni da fuskar tausayi, ya ce ƙaddara ce, ko da na je ba abin da zan hana. Bai ko numfasa ba ya ɗora da cewa ranar Alhamis akwai babban wasa, wanda aka ci ya tattara ya koma gida, kada in manta da hular. Wai hular! Na ce to, mudir, babu damuwa.

Alhamis na zo da wuri, na kife bokitina da kaina. Abokan hamayya suka fara bugu suka tara makinsu, 'yan ƙasar mudir suka shiga bi. Na zauna kamar dutse, shayin ma na sha. Tun azahar zan iya tashi, amma ban so ya sami lokacin da zai haƙura ba. Na jira har yamma ta yi, saura oba biyu, makin da suke nema kaɗan ne, gwanin nan nasu na tsaye da katakon bugunsa. Mudir ya jiƙe da gumi duk da sanyin ofis, ya hana kowa ko tari. A nan na miƙe tsaye, na cire hular na ajiye masa a kan tebur, na ɗauki bokitin.

Ya zabura ya ce: “Sadiƙ, zauna. Don Allah, oba biyu kawai.”

Na ce, “An kira ni a gida.”

Ya dubi wayar ya ce ai ba ta yi ƙara ba.

Na ce, “Ta yi. Sau uku.”

Ban kai ƙofar sito ba na ji ofis ya ɗauki salati. An fitar da gwanin. Na tsaya a nan da bokiti a hannu ina saurare, na bayansa ma bai daɗe ba, daga nan aka cinye su. Wallahi daɗin da na ji ban taɓa jin irinsa ba, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Ni na san bokitin fenti ba ya jefa ƙwallo a wata ƙasa. Shi ne bai sani ba. Ya zauna da imanin cewa ni na fitar da ƙasarsu, kuma ya san dalili, sannan sai ya jira shekara huɗu kafin wata gasar. Washegari ya mayar da ni lodin manyan motoci a tsakar rana, bai ƙara yi mini magana ba har na bar kamfanin. Idan muka haɗu a hanya nakan gaishe shi da fara'a, in tambaye shi ya wasa.

Mutane sun sha ce mini in yafe, abu ya wuce. Nakan ce su zo in kai su maƙabarta tukuna. A nan ba a rubuta suna a kabari, ɗan dutse kawai ake ajiyewa, kuma mata ba sa shiga. Maƙwabtanmu biyu da suka sa Baba a rami sun kai ni daga baya, ɗaya ya nuna wannan dutse, ɗaya ya rantse na kusa da shi ne. Duk Juma'a tsakanin duwatsun nan biyu nake tsayawa in yi addu'a, ban san wanne ne nasa ba.