Léocadie, Wadda Ta Yi wa Littafi Ƙarya

Marubucin labari likita ne mai fiɗar zuciya, kuma wuƙarsa ba ta taɓa zubar da jinin kowa ba. Haka Aurélien Vasserot ya rubuta a maƙalarsa da duk Paris ta haddace, kuma tunda mutum ne mai cin abinci a gidajen manya, babu wanda ya yi masa musu. Jaridu sun yabe shi har sun gaji. Ni wata zan yaba, Léocadie Marchais, wadda ta ajiye aiki a makon nan a wani shagon ɗinkin littattafai saboda idanunta sun ƙare.

Kafin shagon, sana'arta karatu ce. Ta yi shekaru tana karanta wa Madam Chastenet, wata tsohuwa mai dukiya da ta makance. Kullum da safe takan zauna bakin taga da wuƙar hauren giwa tana tsaga shafukan sabon littafi, tunda a naɗe suke fitowa daga maɗaba'a. Tana tsagawa tana leƙa abin da ke gaba, don kada harshenta ya yi tuntuɓe. Bayan abincin rana ta gyara wa tsohuwa matashi, ta fara.

"Ke 'yar nan, kina karatu kamar mai sanarwar mutuwa," in ji Madam. "Sa masa rai mana."

"Madam, ai mutumin ya mutu tun shafin da ya wuce."

"To ki kashe shi da kyau."

Madam ta haifi 'ya guda, Edmée, wadda ta rasu da ƙuruciyarta a gidan miji. An ce wa uwar ciwon huhu ne. Philomène mai girki, wadda ta ba ni yawancin labarin nan, tana aiki a gidan mijin a lokacin, ita ta wanke kofin da Edmée ta sha da shi. Ta san maganin barci Edmée ta shanye kwalba guda, bayan wani hafsan soja da take so a ɓoye ya juya mata baya. Likita ya yi shiru, miji ya yi shiru, limamin coci ya kau da kai, aka binne ta cikin mutunci. Vasserot kuwa ba ya fashin zuwa gidan Madam ranar Alhamis, ranar karɓar baƙi. Yana shan miya yana saurare.

Sai sabon littafinsa ya fito, ya aiko da shi gidan da sa hannunsa. Philomène ta shigo da kofi ta tarar da Léocadie a tsaye, wuƙa a ƙasa, fuska kamar an zuƙe mata jini.

"Lafiya, 'yar'uwa?"

"Ya sa Edmée a ciki. Tabon wuyanta, karenta mai ɗingishi, har launin labulen ɗakinta. Suna kaɗai ya canja."

"Har da kwalbar?"

"Babi guda ya ba kwalbar."

Ku duba fa. Mutum ya ci abinci a teburin uwa, ya feɗe 'yarta a gaban birni, ya naɗe a takarda ya aiko wa uwar kyauta. Kuma ba da mugunta ya yi ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. A ganinsa karrama gidan ya yi.

Ɓoye littafin ba zai yiwu ba, Madam ta ji isowarsa, tana ɗokinsa. Léocadie, ke ce kika zauna idonki a kan shafi, bakinki yana faɗin wani abu dabam. Kika share tabon, kika kori karen, kika mayar da matar 'yar wani gari dabam, Lyon. Tun safe kike shirya ƙaryar rana, kina juya shafi daidai inda ya kamata, don kunnen makaho ba ya barin ƙarar takarda ta wuce shi. A naki ƙarshen, matar ce ta rabu da hafsan, ta koma gidan uwarta ta tsufa cikin jikoki. Madam ta yi kuka ta ce, "Da Edmée ta rayu, haka za ta yi."

Baƙin Alhamis duk sun karanta na gaskiyar. Suna shan shayi suna satar kallon tsohuwa. Babu wanda ya ce uffan, kuma kada ku ɗauka tausayi ne. Ranar da asiri zai tonu suke jira.

Ranar ta zo. Vasserot ya shigo, Madam ta kama hannunsa.

"Ɗana, ka gama mini komai. Wurin da ta koma gidan uwarta ta durƙusa, nan ka taɓa ni."

Vasserot ya dube ta.

"Gidan uwarta? Madam, ai a littafina ta ɗauki..."

"Ni na canja shi, yallaɓai," in ji Léocadie daga kujerarta ta bayan ƙofa. Ba a taɓa jin muryarta a falon ba. "Naka ƙarshen ba shi da daɗi. Rabin littafin ma surutu ne. Na ga zan fi ka iyawa."

Garkuwar makauniya, kin zaɓi zagin da zai mantar da shi maganar da ya fara, ya kuwa manta. Masanin zuciyar mata ya shiga lissafo abin da masu sharhi suka ce a kan salonsa, sannan ya ɗauki hularsa ya rantse ba zai ƙara taka gidan ba.

Madam ta sallami Léocadie nan take a gaban baƙi, ba ko takardar shaida. "Tafi da littafin," in ji ta, "kada in ƙara jin sunansa a gidan nan." Philomène ta ce tsohuwar ta daɗe riƙe da hannun rigar Léocadie kafin ta saki. Abin da ta sani, ta tafi da shi kabari. Ba ta taɓa tambayar kowa ba.

Kafin mako ya zagayo, kowane falo yana dariyar 'yar aikin da ke gyara wa manyan marubuta rubutu. Wa zai ɗauki mai karatu irin wannan? Shagon ɗinki ne ya karɓe ta, tana naɗe takardu a wani ɗaki marar taga har idon ya tafi.

Mun gode, Léocadie. Ku kuma da kuka san abin da zai karya wani, ku yi koyi da ita, ku duba fuskar mai saurare kafin ku buɗe baki. Wanda yake da yamma guda da ba ya komai, ɗakinta yana saman gidan burodin da ke kusa da shagon, kuma ba ta da mai karanta mata.

Ranar da ta ajiye aiki na je. Aikinta na ƙarshe sabon bugun littafin nan ne, an ƙara masa maƙalar Vasserot ta likita mai fiɗar zuciya a gaba. Na tambaye ta ko ta sake leƙawa.

"A'a, yallaɓai," in ji ta. "A nan ba ma tsagawa. Rufewa muke yi."

Ta naɗe takardar ƙarshe, ta yafa mayafinta, ta lalubi ƙofa da hannu.