Kaskar Da Na Murtsuke a Hanyar Tsanyawa

Kano zuwa Tsanyawa

Ana idar da sallar asuba na nufi tasha, don an aiko cewa yayana Sale, mai kiwon raguna, yana kwance. Bas ɗin ta cika har da rago a ƙarƙashin kujerata. Bayan Bichi aka tsare mu a shinge, direba ya sauka da takardu. Ina zaune na hango wata ƙatuwar kaska a kunnen ragon. Ni ɗan ƙauye ne, hannuna ba ya iya ganin kaska ya ƙyale. Na cizge ta, na murtsuke tsakanin farce biyu, na goge jinin a jikin kujera. Mai ragon ya ce, "Malam, ashe birni bai ɓata ka ba." Har daɗi na ji.

Garinmu

Daga Tsanyawa ɗan acaɓa ya ratsa da ni cikin gonakin gero. A gida aka ce Yaya yana asibiti. Na tarar an keɓe shi a ɗaki, sai ta taga na gan shi, haɓo ya jiƙa matashi, dasashinsa na zubar da jini. Inna na zaune a waje, an hana ta shiga.

Likita ya ja ni gefe. "Cutar kaska muke zargi. Ba a cika ganinta ba, amma tana kisa. Yana cire wa dabbobi kaska da hannu?"

"Kowa ma haka yake yi," na ce.

"Cizonta ko jininta ya isa, in akwai ƙwarzane a fata."

Na dubi babban yatsana, inda wuƙa ta yanke ni shekaranjiya. Na gaya masa zancen kaskar da na murtsuke a mota. Ya ce in sa ido, ko ciwon kai na ji in nemi asibiti.

Kafin magariba Yaya ya cika. Ma'aikata masu safar hannu suka yi masa wanka. Inna ba ta ko shafa fuskarsa ba, wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Komawa

Bayan sadakar uku na dawo Kano, ina ta taɓa goshina a mota. Na gode wa Allah da ya kawo ni gida, da mutanen garinmu da suka tsaya mana. Ina yin sallama 'yata Hafsatu ta sheƙo da gudu, hannuwa a buɗe. Na ja da baya na ce, "Tsaya nan, Uwata, gaishe ni daga nan."