Anti Binta Mai Motar Eriya

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina wanke-wanke saƙo ya shigo: Anti Binta ta rasu. Injiniya Binta, wadda na yi koyon aiki a hannunta kafin in yi aure.

Har yanzu kwanukan suna cikin ruwa.

Ofishinsu ne ke sa ido a kan siginal ɗin da ke yawo a iska. Ranar da na fara zuwa ta ce, "Hauwa, kin san kasuwar kifi ta Kado? Haka saman nan yake. Waya da teburinta, rediyo da nasa, na'urar rada mai hango jirage ita ma da nata. Mu ne masu hana wani baza kifinsa a teburin wani."

Ni kuwa littafin soyayya ne ɓoye cikin hijabina. Idan ta kama ni ina karantawa a motar ofis sai ta ce, "Ya aure ta ko tukuna? To ya jira, dubi allon nan." Sannan ta tsayar da direba ta saya min gasasshiyar masara.

Akwai ranar da ba zan manta ba. Masu kula da jirage sun kai kuka cewa wani siginal yana dagula musu rada. Muka fita a motar ofis mai eriya a ka, muka bi hanyar filin jirgi. Koren layin da ke allo sai ƙara tsalle yake. Ta miƙo min ƙaramar eriya, ta ce in riƙa juyawa a hankali. Muka yi ta bin siginal ɗin har muka tsaya ƙofar otal ɗin wani babban mutum. A rufin aka kafa na'urar intanet ba izini, tana baza siginal daidai gurbin rada.

Manaja ya ce, "Madam, kin san mai wurin nan kuwa?"

Ta ce, "Ban san shi ba. Amma na san shi ma yana hawa jirgi."

Sai da aka kashe na'urar a gabanta. Layin ya kwanta luf. Ranar na ga jarumar da ban taɓa karanta irinta ba.

Ladanta? Aka raba ta da motar, aka tura ta aiki ɗakin ajiye matattun na'urori. Duk ofishin ba wanda ya tsaya mata.

Haɗuwarmu ta ƙarshe a asibiti ce. Ta rame sosai, amma tambayarta ta farko ita ce, "Motar tana fita kuwa?" Na hau gyara mata filo, don na san motar tana bayan ofis, tayoyi sun sace. Ta gane. Ta ce, "To, ba ni labarin littafin da kike karantawa."

Yau kuma ogan da ya tura ta ɗakin nan shi ne ya fara saka hotonta, wai an yi rashin jaruma. A gurup ɗin matan ma'aikata ana zaɓen kalar anko ta zuwa gaisuwa, har da neman mai hoto.

Maigidana a ofishin yake, can muka haɗu. Na karanta masa rubutun nan, ya ce, "Haba Hauwa, ki rufa min asiri. Oga zai gani, ga ƙarin girma na tafe." Ina son mijina, kuma na san tsoronsa gaskiya ne.

Allah Ya jiƙan Anti Binta, Ya haskaka kabarinta, Ya sa aikinta ya zame mata shaida. Don Allah duk wanda ya karanta ya sa ta a addu'a, balle wanda ya taɓa sauka lafiya a Abuja.

Anko dai ba zan ɗinka ba. Rubutun nan kuma na saka, ba zan goge ba.