Ozur, Wanda Ya Sunkuya Ya Ɗauke Ni

Daga Allah muka zo, gare shi za mu koma. Ranar Laraba ta makon farko na hunturun bana, da hantsi, Allah ya karɓi ran Ozur ɗan Kolbein, maigidan gandun Selvik, bayan ciwon ƙirji da ya kwantar da shi tun lokacin yankan ciyawa. Ni Ingvild, a wurina Baba ne ya rasu, ko da yake ba shi ya haife ni ba.

Baba, duk bakin tekun nan an san yadda ka same ni. A shekarar yunwa aka haife ni, lokacin da doka ba ta hana uba ya ce a fitar da jariri ba, in ya ga bakuna sun yi masa yawa. Aka ajiye ni tsakanin duwatsu, da guntun kitse a baki. Ka fita neman tunkiyarka da ta ɓata, ka dawo da ni cikin mayafi. Matarka, Inna Steinvor, ta ce, "Ina tunkiyar?" Ka ce, "Ban gan ta ba, amma wannan ta fi ta kuka." A ranar ka ɗora ni bisa gwiwarka, ka yayyafa mini ruwa yadda uba ke karɓar ɗansa a al'adarmu, ka raɗa mini sunan mahaifiyarka. Tunkiyar kuwa har yau Inna ba ta daina cigiyarta ba.

Ba ka da yawan magana, ga taurin kai kamar na tsohon rago. Amma da haƙorina na farko ya fito, ka ba ni kyautar haƙori kamar kowane ɗa, 'yar maraƙa sukutum, alhali garken naka bai taka kara ya karya ba. Kai ke bubbuga mini busasshen kifi har ya yi laushi, ka shafa man shanu, ka ce wai kai ka ƙoshi. Sai da na girma na gane ba ka ci komai ba. Da Inna ta haifi Kolbein, mata suka ce tawa ta ƙare, ai tsintacciyar mage ba ta mage. Ban ga abin da ya sauya ba, sai dai kifin ya koma kashi biyu.

Ka rasu idanunka a buɗe. Rufe wa mamaci ido da hanci haƙƙin wanda ya fi kusa da shi ne. Ni na yi jinyarka, amma ƙanenka Grimkel ya tare ni a ƙofa, ya ce, "'Yata, ki yi haƙuri, wannan aiki na jini ne. A jira Kolbein." Ban yi musu ba, amma Allah ya sani abin ya ƙona mini rai. Na zauna a waje kamar an mayar da ni tsakanin duwatsun nan.

Da la'asar Kolbein ya iso daga kamun kifi, takalmansa a jiƙe. Ya ce, "Yaya, me kike yi a nan cikin sanyi?" Da ya ji dalili, sai ya dubi Grimkel ya ce, "Haba Baffa! Ni da me na zama ɗansa, in ba da gwiwa da ruwa ba? Ita ma haka aka yi mata, kuma ta riga ni. Ni miƙa masa ni aka yi. Ita kuwa da kansa ya sunkuya ya ɗauka." Grimkel ya sosa gemu, ya matsa gefe.

Na zagaya ta bayan kanka kamar yadda ake yi, na sa hannu. Nan Inna ta gaya mini abin da ban taɓa ji ba, cewa ranar da ka kawo ni idanuna a liƙe suke don sanyi, da numfashinka ka yi ta ɗumama su har suka buɗe. Kai ka buɗe nawa, Baba, ni kuma na rufe naka.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Steinvor, da ƙanena Kolbein, da Baffa Grimkel, da dukan mutanen Selvik. Allah ya ba mu haƙurin rashi. Allah ya jiƙan ka, Baba, ya yafe maka kurakuranka, ya sa ka huta. Yadda ba ka wuce ni a hanya ba, kada Ubangiji ya bar ka a waje cikin sanyi. Amin.