Ranar da Tabawa Ta Kira 'Yar Farinta

Yayata Tabawa mai fura da nono ce. Daga Kimba take ɗaukar ƙwarya zuwa kasuwar Jega tun tana budurwa, kuma in ana lissafin masu kunya a danginmu, da ita ake farawa. Ni Zubaida, ƙanwarta, an ce tun ina goye aka ga babu kunya a idona. To, bari in faɗi abin da ita ba za ta iya faɗa ba.

'Yarta ta fari, Hamdiyya, an haife ta da leɓe a tsage, tsagar ta shige har saman bakinta ta ciki. In ta sha nono sai ya biyo ta hanci. Mu kuma a gidanmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta zama ta dube shi ido da ido. Tabawa ta riƙe wannan al'ada fiye da kowa. Ana yaye yarinyar, kakarta ta wajen uba, Gudiya, ta ɗauke ta zuwa Liba. Ita ta kai ta asibiti a Birnin Kebbi aka yi ɗinki har sau biyu. Likita ya ce a riƙa dawowa ana duba kunne, don irin waɗannan yara ruwa yakan taru musu a ciki. Tsohuwa ta ga baki ya haɗu tsaf, ta ce me ya haɗa leɓe da kunne, ta manta da zancen.

A Liba ba wanda ya lura da komai. Gudiya ko gaisuwa take yi sai an ji ta a gida na uku, kuma takan riƙo haɓar jikarta in za ta yi mata magana. Da ta rasu, aka dawo da yarinyar Kimba tana da shekara bakwai.

Nan abin ya lalace. Tabawa takan juya baya tana dama fura, ta ce a hankali, ke, miƙo ludayi. Shiru. Ta ce a kori kaji daga shanyar gero. Shiru, kaji su ci su ƙoshi. Ta fara cewa an ɓata yarinya a gidan kaka, ta raina uwarta. Ta sha dukanta da marar kwasar tuwo. Ni ma, Allah ya yafe mini, na sha ce mata mai kunnen ƙashi a gaban mutane. Na ga yadda take zura wa bakin mutum ido in yana magana, na ce rashin kunya ce. Na ga ruwa mai wari a ɗankwalinta ta wajen kunne, na ce ƙazanta ce.

Zazzaɓi ne ya sa muka kai ta wani ƙaramin asibiti a Jega. Ma'aikacin, Malam Nazir, ya haska kunnenta, ya daɗe yana kallo. Ya zaunar da ita ta fuskanci bango, ya ce uwar ta tsaya a bayanta ta kira ta. Tabawa ta ce, ke. Ya ce da suna, kuma da ƙarfi.

Ta dube ni. Ga mata cike da benci suna jira. Na ce bari ni in kira. Ya ce a'a, muryar da take ji kullum a gida yake so.

Tabawa ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. "Hamdiyya."

Karon farko ke nan da sunan ya fito daga bakinta. Ta sake, ta sake, na ukun har muryarta ta fashe. Yarinyar tana can tana kallon zanen sauro a bango, tana kaɗa ƙafa.

Malam Nazir ya ce kunnen hagu ya daɗe da lalacewa, na dama akwai sauran rabo in mun hanzarta zuwa wajen likitan kunne. Ya tambayi tun yaushe ta daina amsa kira. Mu biyu muka sunkuyar da kai. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

A bakin ƙofar asibitin Tabawa ta durƙusa a ƙasa, a gaban 'yan kabu-kabu da masu sayar da albasa. Ta riƙo fuskar 'yarta da hannu biyu, ta buɗe baki sosai yadda za a ga leɓenta.

"Ɗiyata, ki gahwarta min. Duk kiran da nika yi miki, ban san ba ki ji ba."

Hamdiyya ta bi bakin da ido har aka gama. Sannan ta yi magana da muryar nan tata mai fita ta hanci.

"Inna, ashe da ma kina min magana?"