Mai Guga da Ranar da Ba a Sa Ba

Ajiye wayar nan, jikalle, ki ɗauki biro. Labarin Mai Guga zan ba ki, kar ki tsallake ko kalma ɗaya.

Ina gyaran takalma a ƙofar kotu na san shi. Dogo ne siriri, ba shi da kowa sai 'ya ɗaya, ita ma babbar mota ta take ta. Direban ya ce a guje ta tsallaka titi. Mai Guga kuwa a kan idonsa aka yi, yana bakin shagonsa na gugar kaya. Abin da yake so kawai, ya tsaya gaban alƙali ya faɗi abin da ya gani.

Ranar da zai ba da shaida aka nemi direba aka rasa. Alƙali ya yi Turancinsa ya tashi. Muka tare tafinta a waje.

Mai Guga ya ce, "Ranka ya daɗe, yaushe aka ce in dawo?"

"Baba, an ɗage ƙarar sine die."

"Wace rana ke nan?"

Tafinta ya ce, "Ai ba ma Turanci ba ne, Latin ne, harshen Rumawan da. Masu shi sun shuɗe, lauyoyin Turawa suka gaje shi. Sine, babu. Die, rana. Ba a kori ƙara ba, ba a kuma sa ranar dawowa ba."

Mai Guga ya jinjina kai. "To, tunda ba a sa ba, kowace rana tana iya zama ita."

Tun daga nan kullum da safe sai ya goge farar rigarsa, ya zo ya zauna a bencina. Ina masa tsiya, "Ango, yau ma amaryar ba ta iso ba?" Sai ya yi murmushi, idonsa na kan ƙofa. Alƙalai suka sauya, tafinta ya yi ritaya, masu kawo masa guga suka watse. Ni kaɗai ne abokin hirarsa, ni ma rabin hankalina na kan basilla.

Da ƙarfinsa ya ƙare, wata safiya ya miƙe gabana, ya gyara hula. "Mai takalma, zauna da kyau, yau kai ne alƙali." Na ajiye basilla. Ya rantse, ya faɗi abin da ya gani. Bai ƙara zuwa ba, Allah ya jiƙan shi.

Ni kaɗai na ji, ni ma ga ni nan ƙafa ɗaya a kabari. To rubuta: 'yarsa ba ta tsallaka ba. A gefen titi take tsaye, rungume da gawayin da ya aike ta sayowa.

Kin rubuta? Karanta mini in ji.